Yadda Mai Jinya Zai Gane Ko Jini Na Isa Sassan Jikin Mara Lafiya

Tambaya biyu 'yan'uwan mara lafiya suka fi yi wa likita a nan Gombe: "Yana da jini?" da kuma "Jininsa ya hau ne ko ya sauka?" Duka biyun suna kan hanya. Amma akwai ta uku da ta fi su gaggawa, wadda ba kasafai ake yin ta ba: jinin yana kaiwa inda ake buƙatarsa kuwa? Mutum na iya zama da isasshen jini, awo ya nuna lafiya lau, alhali abin da ke isa ƙodarsa ko yatsun ƙafarsa bai taka kara ya karya ba. Wannan ita ke kashe gaɓa, ita ke kashe mutum, kuma mai jinya na iya gano ta da idonsa da hannunsa da agogon wayarsa, tun kafin a jawo wata na'ura.

Abin da ke gudana a ciki

Zuciyar babban mutum, in yana hutawa, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti. Kowane bugu na tura kimanin mililita 70, wato wajen lita 5 a minti, kusan duk jinin da ke jikinsa ke nan. Jinin na fita ta manyan jijiyoyi, su yi ta rabuwa suna ƙanƙancewa, har su zama wasu sirara da suka fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, inda ƙwayoyin jini ke bi ɗaya bayan ɗaya. A nan kaɗai ake sauke iskar oksijin da abinci, a kwashi datti. Duk sauran tafiyar hanya ce kawai.

An daɗe kafin a fahimci haka. Ibnun Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira a ƙarni na 13, shi ya bayyana cewa jini na ratsa huhu ne kafin ya koma ɓangaren hagu na zuciya. William Harvey na Ingila ya nuna a 1628 cewa kewayawa jinin yake yi. Siraran jijiyoyin kuwa ba wanda ya gan su sai 1661, da Marcello Malpighi na Italiya ya hango su a huhun kwaɗo da gilashin ƙara girma.

Mai noman rani a Dadin Kowa ya san cewa cikar dam ba ita ce jiƙewar gona ba. Sai ruwan ya samu ƙarfin tafiya, kwatar ba ta toshe ba, ya isa kwamin ƙarshe. Jiki ma abu uku yake buƙata: jinin ya ishe shi, zuciya ta iya tura shi, hanya ta kasance a buɗe.

Rabon kuma ba daidai ake yin sa ba. Ƙwaƙwalwa, da ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, tana karɓar kusan kashi 15 na jinin da zuciya ke turawa. Ƙoda biyu na ɗaukar kusan kashi 20, hanta wajen kashi 25. Da jini ya fara ƙaranci, jiki sai ya tsuke hanyoyin fata da hannu da ƙafa da hanji, sannan ya rage wa ƙoda, don ya tsare wa ƙwaƙwalwa da zuciya nasu. Shi ya sa alamomin ke zuwa bi da bi: hannu ya yi sanyi, bugu ya ƙaru, fitsari ya ragu, hankali ya fara gushewa. Awon hawan jini shi ke faɗuwa a ƙarshe. Saurayi mai ƙarfi na iya zubar da kusan kashi 30 cikin 100 na jininsa awon bai motsa ba, yara kuma sun fi manya iya ɓoye abin. Wanda ya tsaya jiran awo ya sauka, ya makara.

Mataki na farko: yi masa magana

Kira sunansa. Tambaye shi inda yake da wanda ya kawo masa abinci. Amsa sarai alama ce ƙwaƙwalwa na samun rabonta. Abin tsoro shi ne sauyi: dattijo mai natsuwa ya kama fizge-fizge yana son sauka daga gado, ko mai surutu ya yi lamo, sai an girgiza shi yake buɗe ido. A yaro, duba ko yana bin uwarsa da ido, ko yana kama nono. Yaron da ya daina kuka ya saki jiki ba sauƙi ya samu ba, ko da kakarsa ta ce barci yake ramawa.

Jirin da ke ɗibar mutum da zarar ya tashi zaune ko tsaye, ya lafa in ya kwanta, shi ma na wannan layin ne.

Na biyu: taɓa hannu da ƙafa

Da bayan hannunka, fara daga yatsu ka hau sama. Lura da inda sanyi ya ƙare ɗumi ya soma. In iyakarsa yatsu, da sauƙi. In ya kai gwiwar hannu ko gwiwar ƙafa alhali ciki da ƙirji na da zafi, jiki ya riga ya fara janye jini. Sanyin da ya haɗu da zufa mai danƙo ya fi kowanne muni. Gwada dama da hagu: sanyi a duka biyun matsalar jiki gaba ɗaya ce, a ɗaya kaɗai kuwa hanyar wannan gaɓar ce ta toshe.

Akwai tarko ɗaya. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga jini, a farko jijiyoyi sakin jiki suke yi, hannu ya yi ɗumi, bugu ya cika yana sauri. Don haka ɗumin hannu a mai zazzaɓi ba ya wanke shi, sai an haɗa da sauran matakan.

Na uku: danna farce

Wannan ne gwajin da na fi so kowane gida ya iya, domin ba ya cin ko sisi. Ɗaga hannun mara lafiya daidai ƙirjinsa. Danna farcen yatsa da ɗan ƙarfi har ƙarƙashinsa ya yi fari, ka riƙe daƙiƙa 5, ka saki. Ƙirga lokacin da jan ke ɗauka kafin ya dawo. A mai lafiya, kafin daƙiƙa 2 ya dawo, sau da yawa kafin ka buɗe baki ka ce "ɗaya". Ya wuce daƙiƙa 3, siraran jijiyoyin ba sa cika yadda ya kamata. Fara gwadawa a farcenka, ka ga yadda na lafiya yake, sannan ka yi nasa.

Baƙar fata ba ta hana wannan gwaji, tunda ƙarƙashin farce ja ne ga kowa. Abin da ke hana shi a wajenmu lalle ne. Amarya ko mai jego da farcenta ya rine, sai a danna tsokar kan yatsa inda lallen bai kama ba, ko dasashi, a jariri kuma tsakiyar ƙirji ko tafin ƙafa. Haske ma sai an kula: fitilar waya ta fi ƙwan ɗaki mai dishi-dishi. Sanyin hunturu na Disamba da Janairu kan jinkirta dawowar jan ko a mai lafiya, musamman da asuba, don haka a murza hannun ya ɗan ɗumama kafin a gwada. Tsofaffi nasu kan ɗan yi jinkiri da ma.

Tunda kana wurin, ja fatar ido ta ƙasa ka leƙa, ka duba tafin hannu da harshe. Fari fat na nuna ƙarancin jini. Leɓe ko harshe da ya koma toka-toka ko shuɗi-shuɗi na nuna iskar ce ba ta isa.

Na huɗu: ƙirga bugu da numfashi

Ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ta gefen babban yatsa, ka ƙirga na minti ɗaya cif. Babban mutum da ke kwance bugunsa ya haura 100, a sa ido. Ya haura 120, a nemi likita. Ga jariri ƙasa da shekara ɗaya, sama da 160 ne ake ce wa sauri, ga ɗan shekara 1 zuwa 5 kuma sama da 120, ko da yake zazzaɓi da kuka na ɗaga shi. Ba adadin kaɗai ba, ji ƙarfinsa. Bugu mai sauri, siriri, da ke ɓacewa in ka ɗan danna, ko wanda ka rasa a hannu sai a wuya, wannan ba na jira zuwa safe ba ne.

Numfashi kuma ka ƙirga shi ba tare da ka faɗa masa ba. Babba na yin 12 zuwa 20 a minti. In tsoka ta rasa iska, tsami ke taruwa a jini, jiki ya riƙa haki don ya fitar da shi, sai ka ga numfashi mai zurfi da sauri ba tari ba mura.

Na biyar: fitsari

Nan ne masu jinya suka fi sakaci, kuma nan ne labarin ƙoda yake. Kunya ke hana tambaya, musamman ɗa ga mahaifiyarsa ko suruka ga surukinta. A irin wannan hali a samo wanda zai iya tambaya, amma kar a bar ta.

A ɗakin yara za ka ji nas na tambayar tsohuwar da ta rungumo jikanta:

"Inna, yaushe rabonsa da fitsari?"

"Wallahi 'yar nan, gudawar ce ta ɗauke mana hankali. Zanen dai kullum a jiƙe yake."

"Jiƙewar gudawa daban, Inna. Tun sallar asuba kin ga ya yi?"

Shirun da tsohuwar ta yi shi ne amsar, nan take aka nemi jijiya don a sa wa yaron ruwa.

Ƙa'idar asibiti ita ce babba ya fitar da aƙalla rabin mililita kan kowane kilo na nauyinsa a awa, yaro kuma mililita ɗaya. Mai kilo 60 ke nan mililita 30 a awa, wajen mililita 180 a awa 6. In an sa masa robar fitsari, jakar na da layukan awo: rubuta inda ya tsaya da lokacin, ka sake dubawa bayan awa biyu. A gida, a tara a gorar da aka yanke wa kai. Yaron da ya yi awa 6 zuwa 8 bai jiƙa famfas ba, ko babban da ya wuni bai zaga ba, ko ɗan abin da ya fito ya yi ja kamar shayi, ƙodarsa ba ta samun jini isasshe. A wannan hali kar a ba shi diclofenac ko ibuprofen daga kemis, domin suna ƙara tsuke hanyar jinin ƙoda. Masu aikin gona da masu azumi a zafin Maris da Afrilu, lokacin da Gombe kan haura digiri 40, su riƙe wannan da kyau.

Na shida: in akwai na'ura

Lambar sama ta awon jini in ta gaza 90 a babba, hatsari ne. Amma dattijon da ya saba da 170, in ya sauko 110 yana jiri, shi ma ya faɗi. Wata dabara mai sauƙi: in adadin bugun zuciya ya kamo lambar sama ko ya wuce ta, misali bugu 115 awo 100, ana cikin matsala ko da kowace lamba ita kaɗai ba ta tayar da hankali ba.

Ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa tana auna iskar da ke cikin jinin da ya iso yatsan ne, 95 zuwa 100 a mai lafiya. Ba ta faɗin yawan jini. Mai zubar jini na iya nuna 98. In ta kasa karantawa a yatsa mai sanyi, kafin a ce batir ne a gwada ta a yatsan mai lafiya.

In alamomin sun taru

Kwantar da shi a bayansa, a ɗaga ƙafafunsa kan filo biyu, a lulluɓe shi. Mai tsohon ciki a gefen hagu za ta kwanta, don nauyin mahaifa kar ya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Wanda ba ya cikin hayyacinsa a juya shi gefe, kar a ɗura masa ruwa ko kunu ko rubutu, zai shaƙe. Wanda numfashi ke gagara in ya kwanta, ƙafafunsa a kumbure, a bar shi a jingine: zuciyarsa ce ta gaza, abin da ake yawan gani a masu jego a nan Arewa. Sannan a nemi mota. Na cikin gari ga Asibitin Ƙwararru na jiha da Asibitin Koyarwa na Tarayya. Na Dukku ko Nafada ko Kumo su fara da babban asibitin da ya fi kusa, a sa ruwa, in ya so a turo su.

In amai da gudawa ne kuma yana iya sha, a fara ruwan gishiri da sukari tun a gida, a ci gaba a hanya. In na ƙunshi ne da ake sayowa a kemis, a duba adadin ruwan da aka rubuta a jikin ƙunshin. Mai lita ɗaya, ledar fiya wata biyu ta santilita 50 ke nan. In babu ƙunshin, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba, cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Kurɓi-kurɓi, ko ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba. Kwalara na iya zuƙe mutum cikin sa'o'i kaɗan.

In rauni ne, a danna wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kar a riƙa ɗagawa ana leƙe, kar a zuba ƙasa ko toka. Wanda ya yi hatsarin babur ba jini a waje amma hannunsa na sanyi, bugu na sauri, cikinsa na ciwo, a ciki yake zubarwa.

Mai haihuwa ta fi kowa saurin tafiya, domin a ƙarshen ciki sama da rabin lita na jini ke ratsa mahaifa kowane minti. Zubar da ta kai rabin lita bayan haihuwa ta wuce ƙa'ida. Zane ya jiƙe sharkaf, ko gudaji na fita, ba "dattin ciki" ba ne da za a bari ya gama zuba. A murza mararta har mahaifar ta yi tauri, a sa ta yi fitsari, a ba jariri nono, a kama hanya tare da 'yan'uwan da za su iya ba da jini.

Ƙarin ruwa a gida kuwa, ban goyi bayansa ba. Wani babban bincike da aka wallafa a 2011, kan yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, ya gano cewa waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa a kan waɗanda ba a yi wa haka ba. Masu gudawa ba sa cikin binciken, su ruwan ke ceto. Bambance wanda ruwa zai taimaka da wanda zai cika wa huhu aikin likita ne, ba na yaron kemis mai rataye leda a ƙusa ba.

In gaɓa ɗaya ce

Yaro ya faɗo daga mangwaro, Bappansa ya kai shi wurin mai ɗori, aka jera karare aka ɗaure tam. Karaya kumbura take yi a kwana biyun farko, ɗaurin kuma ba ya buɗewa, sai kumburin ya matse jijiyoyi. Tsoka ba ta jure rashin jini fiye da kimanin awa 6. A bar yatsu a waje, a duba su kowace awa: ɗumi, launi, danna farce, ya motsa su, ya ji taɓawa. Ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, wanda yaro ke ƙwalla ƙara in an miƙar masa da yatsa, shi ne gargaɗin farko. Kar a ce masa ya yi jarumta. A sassauta ɗaurin nan take a tafi asibiti. Filastar asibiti ma haka take, in ta matse a koma a tsaga ta ko da tsakar dare ne. Yatsu in sun yi baƙi, magana ta koma ta yankewa.

Saran maciji, wanda mutanen Kaltungo da Billiri da Balanga suka sani sarai, nan ma ɗauri ke ƙara ɓarna. Dafin kububuwa na hana jini daskarewa, yana kuma kumbura wurin. Ɗaure ƙafa da roba ko igiya ba ya tsare dafin, sai dai ya kashe ƙafar, tsagawa da reza kuma ta buɗe ƙofar zubar da ba ta tsayawa. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin saran maciji na Kaltungo ko mafi kusa da ke da maganin dafi.

Mai ciwon suga da mai shan taba nasu a hankali yake zuwa. Sharaɓa ta riƙa ciwo in an yi 'yar tafiya, ta lafa in an tsaya. Gashin ƙafa ya kakkaɓe, ƙaramin ciwo ya ƙi warkewa. Lokacin alwala ya isa a duba tsakanin yatsu da diddige kullum. A nemi bugu a bayan ƙafa, saitin tsakanin babban yatsa da mai bi masa, da kuma bayan idon sawu ta ciki. Ƙafar da ta sage ba ta jin zafi, don haka ba a gasa ta da garwashi ko ruwan zafi, ba a kuma yawo ba takalmi.

Baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe: wani yanki na ƙwaƙwalwa ne ya rasa jini. A riƙe lokacin da abin ya fara, domin maganin narkar da gudan jini ba ya wuce awa 4 da rabi na farko, kuma sai an yi hoton kai. Nauyi a ƙirji mai sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, da zufa, yana iya zama zuciyar ce kanta ta rasa jini, kar a tsaya shan maganin olsa. Mai sikila kuwa ƙwayoyin jininsa ne ke lanƙwashewa su toshe siraran hanyoyin, sanyi da ƙishirwa da zazzaɓi ke tayar da shi. A ba shi ruwa da ɗumi, ciwon ƙirji ko haki ko raunin gefe ɗaya kuma asibiti kai tsaye.

Wanda ya daɗe a kwance, nauyin jikinsa ne ke danne jinin fatar ƙugu da kwankwaso da diddige. A juya shi duk awa 2, dare da rana, a raba aikin tsakanin masu jinya. A baƙar fata ba a ganin ja, sai dai wurin ya fi kewayensa duhu, ko tauri, ko zafi. An ga haka, kar a sake kwantar da shi a kan wurin, kar kuma a murza shi.

Abin da za ka faɗa in kun isa

"Jikin ne ya tsananta" ba ya taimakon likita. Tun a gida ka riƙa rubutawa a takarda ko a waya, kowane awo da lokacinsa, domin sauyin da ke tsakanin awo biyu ya fi awo ɗaya magana. A bakin ƙofa ka ce: "Likita, bugunsa 96 ne da la'asar, yanzu 124. Farcensa na kai daƙiƙa 4. Rabonsa da fitsari tun azahar, kuma ya fara kiran sunan waɗanda ba sa nan." Ka haɗa da duk maganin da aka ba shi, na kemis da na gargajiya, da kwalayensu a leda. In an kwantar da shi ka ci gaba da awon, bugun ya ƙaru ko jakar fitsarin ta tsaya wuri ɗaya ka je ka kira nas, kar ka jira zagayen safe.